Wayar da Goggo Halo Ta Zaɓa

Yayar babana ce, amma har maƙwabtan da ba su haɗa komai da mu ba Goggo Halo suke ce mata. Sunan ya biyo ta ne daga ofishin tarho, inda ta fara aiki tana budurwa. A wancan zamanin in kana son magana da wani a nesa, sai ka ɗaga kan tarho ka jira, wata murya ta ce maka halo, ka faɗi wanda kake nema, ita kuma ta ɗauki igiya ta cusa a ramin da ya dace a jikin wani ƙaton allo. Mata ne a jere kan dogayen kujeru, kowace da abin saurare a kunne, ƙananan fitilu na ƙyaftawa a gabansu. Goggo ta ce in aiki ya yi zafi, hannu ne ke tunani, kai sai dai ya biyo baya.

Daga can ta ɗebo rashin yarda da waya. Ta ce duk maganar da ta ratsa allon nan, mai haɗawa na iya jin ta in ta ga dama, ɗan maɓalli kawai za ta ture. Mun sha lallaɓa ta ko za ta ba mu labarin abin da kunnenta ya jiyo, ba ta taɓa ba. Iyakar abin da take cewa shi ne ta san mutanen da ake gaishe su da girma yanzu, waɗanda ta ji suna kuka a waya kamar yara. Saboda haka da wayoyin hannu suka zo, ƙarama mai maɓallai ta yarda ta riƙe, ita ma in tana magana a cikinta sai ka rantse wani na laɓe a bayan labule. Ba ta kama suna, sai dai ta ce mutumin nan, ko maganar nan tamu. In zancen mai nauyi ne sai ta ce ka zo gida.

Hannunta kuwa ba ya iya barin abu ya zauna lafiya. Bayan an kwashe allunan an sallame su, mijinta kuma ya rasu, sai ta fasa bangon ɗakin gaba ta buɗe ɗan shagon ƙwan fitila da soket da wayar lantarki. Da shi ta raini 'ya'yanta biyu. Babu fanka ko dutsen guga ko rediyo a gidan da ba ta taɓa kwancewa ba, wani don ya lalace, wani don kawai ta ga cikinsa. A ɗakinta akwai aljihun tebur da yara ba sa taɓawa, cike da sukundireba iri-iri, har da wadda ba ta wuce allura ba.

Ni ce ke kai ta unguwa a mota, shi ya sa take ce mini Direbata. Ranar da komai ya canza, asibitin ido na kai ta. Muna zaune a benci muna jiran layi, wata mata a bayanmu ta kunna saƙon murya a wayarta, da ƙarfi, ko kunyar jama'a ba ta ji. Wata tsohuwa ce a ciki take ta faɗa kan a tabbata an tambayi likita batun maganin ɗigawa. Na ga Goggo ta daskare. Sai ta juya gaba ɗaya, har jakarta ta faɗi.

“Baiwar Allah, muryar wa ke nan?”

Matar ta ɗan tsorata, ta ce mahaifiyarta ce. Goggo ta tambaye ta ko mahaifiyar tata doguwa ce, mai wushirya, kuma ko ta taɓa aiki a ofishin tarho. Matar ta ce ƙwarai kuwa. Ashe Doguwa ce, wadda kujerarta ke manne da ta Goggo duk tsawon aikinsu, wadda aure ya kai ta wani gari mai nisa bayan an rufe ofishin, lamba ta ɓace, labari ya yanke. Nan take matar ta kira ta da bidiyo ta miƙa wa Goggo wayar. Ban taɓa ganin Goggo haka ba. Dariya take, hawaye na zuba, tana riƙe da wayar da hannu biyu kamar za a ƙwace. Har aka kira sunanta wajen likita ba ta ji ba, sai da ma'aikaciyar ta zo ta dafa ta.

A wannan hirar ne ta ji cewa tsofaffin matan ofishin sun buɗe zaure a waya, kullum suna aika wa juna murya da hotuna, kuma sun daɗe suna cigiyarta, har wasu sun fara saka ta a addu'ar waɗanda suka riga mu. Muna shiga mota, ban ko tayar ba, ta ce:

“Direbata, waya nake so. Irin babbar nan.”

Kafin mu isa gida na sanar da 'ya'yanta, wanda daga baya na gane kuskure ne in sanar da su a tare. Yaya, babban ɗanta, mai haɗa magani ne a asibiti, mutum mai son komai a tsare, ko takalmansa a jere suke kwana. Wayarsa irin rufaffiyar nan ce, wadda kamfani ɗaya ke ƙera jikinta da tsarin da ke cikinta, ba abin da ke shiga sai da izininsa. Auta kuwa malamar kwamfuta ce a sakandare, tata buɗaɗɗiya ce, irin wadda kamfanoni da yawa ke yi, mai ita ya juya ta yadda ya so. Sun yi shekaru suna wannan musu, har in an zauna cin abinci sai an roƙe su su bar maganar waya. Yanzu ga uwarsu za ta yanke hukunci. Da yamma suka iso kusan tare, kowa da tsohuwar wayarsa a hannu, kowa na fara'ar wanda ya riga ya ci.

Yaya ya ce tasa ce wayar mai son sirri. Kamfanin na tsaye a ƙofa, yana bincika duk manhajar da za ta shigo, kuma ko ɓarawo ya sace ta, dutse ya sata. Auta ta ce wannan ai ɗaurin talala ne da aka shafa wa fenti, Mama da ke kwance rediyo don nishaɗi ba za ta yi kwana biyu da abin da ba a taɓawa ba. Goggo ta bar su suka yi ta yi, idonta na kan wayoyin, sai sheƙi yake. Da suka gaji ta ce kowa ya ajiye tasa, za ta zauna da kowace na 'yan kwanaki, kuma kada wanda ya zo yi mata kamfe.

Da ta Yaya ta fara, kuma gaskiya ta burge ta. Ga santsi, ga nauyi mai daɗi a hannu, ba ta taɓa tsayawa tana tunani ba. Hoto kuwa ba a magana. Ta ɗauki kyanwarta, ta ɗauki shukokin bakin taga, ta ɗauke ni ina hamma. Abin da ya fi yi mata daɗi shi ne yadda wayar ke tsayawa ta tambaye ta kafin ta bar wata manhaja ta san inda take. Ta ce wannan waya tana da tarbiyya. Amma ranar da na koma, sai na same ta ta kife wayar a cinya, ta sa tabarau, tana bin gefenta da farce tana neman inda ake buɗewa. 'Yan sukurorin da ta gano ma, duk cikin aljihun teburinta babu bakin da ya shige su. Ta kuma so ta sa wata manhajar rediyo da Auta ta taɓa nuna mata, wayar ta ce babu ita a shagonsu, kuma ba a shigo da kaya daga waje.

“Gida ne mai kyau,” in ji ta, “ga maigadi a ƙofa. Amma na haya ne. Ko ƙusa ba a yarda in kafa ba.”

Da ta koma kan ta Auta sai gidan ya rikice. Abinci ya ƙone sau ba adadi. Ta mai da rubutun manya-manya, ta kwashe duk tarkacen da ke fuskar wayar, ta jera mutanenta a manyan akwatuna, kowa da hotonsa, kowa da irin ƙararsa. Ni ƙarar hon ta sa mini. Yaya ta sa masa ƙarar agogon tashi daga barci, wai ta dace da halinsa. In mai sayen ƙwan fitila ya zo shago, sai ya tsaya ya kalli abin da ta gano a ranar kafin a sallame shi. Auta ta fara yawo a gidan tana taku ɗai-ɗai.

Sai ga shi wata safiya Goggo ta kira ni, muryarta a sama, ta ce in zo yanzu. Na same ta a tsaye a tsakiyar ɗaki. Jiya ta nemi bayanin man shafawa na ciwon gwiwa a intanet, yau duk inda ta buɗe tallar maganin gwiwa ce ke bin ta. Wannan ya sa ta shiga tono, har ta faɗa wani shafi da ke nuna abin da kowace manhaja ke da izinin gani. Ta nuna mini da yatsa. Wata 'yar manhajar tocila, wadda aikinta kawai ta kunna haske, tana da izinin karanta sunayen duk mutanenta da sanin inda take kwana. Na zaci za ta jefar da wayar. Ina, murna ce a fuskarta, irin ta wanda aka daɗe ana ce masa yana da zargi, yau ga ɓarawon a hannu. Ta ce ashe mai sauraren bai tafi ko'ina ba, kujera kawai aka ɗauke masa.

Auta ba ta yi gardama ba. Ta ce gaskiya ne, ƙofar da ta buɗe wa mai gida ta buɗe wa baƙo, kuma wasu wayoyin tun daga kwali suke zuwa da 'yan rahotonsu. Yaya da ya ji labari har gida ya zo, wai ya zo duba gwiwar ne. Goggo ta ajiye wayoyin biyu a kan tebur ta yi tagumi. Ɗaya na tsare ta amma ta ɗaure mata hannu, ɗaya ta sake mata hannu amma bakinta ba ya rufuwa. Ta ce ba za ta zaɓa a ɗaki ba, in kai ta inda ake fasa su.

Kasuwar waya bene ne mai hawa-hawa, ko'ina gilashi da kiɗa da masu jan hannun mutum. Muka wuce masu sayarwa muka hau can sama, wajen masu gyara. Goggo ta bi su tana leƙen teburansu, ta wuce waɗanda kayansu ke warwatse, ta tsaya gaban wani dattijo mai furfura da ake ce wa Injiniya, wanda ya jera sukurori a kan farin ƙyalle gwargwadon yadda ya ciro su. Ta gaishe shi, ta ce ba gyara ta kawo ba, tambaya ta kawo: a cikin wayoyin nan, wace ce ba ta kai rahoto?

Ya ajiye abin hannunsa ya ce babu wadda zai rantse a kanta. Rufaffiyar, in ji shi, amana ce ka damƙa wa kamfani ɗaya, kuma suna ƙoƙarin riƙe ta, amma ba ka da hanyar leƙawa ka tabbatar, sai abin da suka faɗa maka. Buɗaɗɗiyar kuma kasuwa ce, akwai na kirki akwai na banza. Sai dai a cikinsu akwai 'yan kaɗan da aka yarda ka sauke tsarin da suka zo da shi gaba ɗaya, ka ɗora wani wanda duk mai ilimin abin zai iya karanta yadda aka rubuta shi, wanda ba ya aika komai sai ka ce a aika. Ya gargaɗe ta cewa in ta bi wannan hanya ita ce maigadin kanta. Ita za ta riƙa sabuntawa, wasu manhajojin za su ƙi zama, kuma in ta yi ganganci ba kamfanin da za ta kai wa ƙara.

“Baba, ni na yi gadin maganar gari guda,” in ji Goggo. “Tawa ni kaɗai ba za ta gagare ni ba. Nuna mini cikinta.”

Ya ɗaga katakon da ya tare bakin shagonsa ya ce ta shigo. Ya sa mata wata buɗaɗɗiyar waya a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ya nuna mata inda murya ke shiga, inda hoto ke shiga, da 'yan siraran hanyoyin da suka fi gashi ƙanƙanta. Goggo ta manta da ni. Na je na sha shayi na dawo, na same ta riƙe da ɗan hantsaki, yana koya mata yadda ake ɗaga igiyar batir ba tare da an tsinke ta ba, sai tambayoyi take jefa masa yana dariya yana amsawa. Sai da aka fara rufe shaguna muka sauko. Ba ta ɗauki ta Yaya ko ta Auta ba, a wajen Injiniya ta zaɓi wata mai kauri, ba kyau sosai, hotonta ma bai kama ƙafar ta Yaya ba, amma bayanta da sukurori na yau da kullum, ana canza mata batir, kuma tana cikin waɗanda ake sauya wa tsari.

Yaya ya sha kunu kwana biyu. Da ya huce sai ya zo da sharaɗi: ta sa lambar sirri mai tsawo, ba shekarar haihuwar Auta ba, kuma duk ranar da aka ce a sabunta ta sabunta, kada ta ce sai gobe. Goggo ta ce ya yi gaskiya, a nan shi ne malaminta. Wannan ya ɗan wanke masa zuciya. Auta da Injiniya suka ɗora sabon tsarin, Goggo kuma ta kwashe yini guda tana bin manhajoji ɗaya bayan ɗaya tana ƙwace musu izini. Duk wadda ta roƙi wani abu sai ta ce mata a'a da baki, sannan ta danna.

Aka sa ranar Asabar da hantsi za a shigar da ita zauren, duk matan za su hau bidiyo a tare. Tun da safe ta yi wanka ta ci ado kamar mai zuwa ɗaukar hoto, ta sa aka goge tabarau, aka matsar da kujera kusa da taga saboda haske. Mu duka muna tsaye a bayanta. Wayar ta yi ƙara, ta danna, sai ga fuskokin tsofaffi a ƙananan akwatuna sun cika allon, kowace na magana ba mai sauraren wata. Goggo ta buɗe baki ta fara jero gaisuwa, tana kiran kowace da laƙabinta na ofis, tana tambayar 'ya'ya da jikoki. Ta yi nisa sosai kafin mu lura cewa babu mai amsa mata. Doguwa ta matso da fuska har hancinta ya cika akwatinta, tana cewa ita duhu kawai take gani, anya Halo ce, ko dai an yaudare su.

Auta ta miƙa hannu, Goggo ta buge shi. Ta jijjiga wayar, ta ƙara murya, ta koma bakin ƙofa ko sabis ne. Sai muka ji Yaya ya fashe da dariya, har da riƙe bango.

“Mama, ba ke kika hana kowa ji da gani ba? To ai sun yi biyayya.”

Ashe cikin ƙwacen izinin nan har da manhajar kiran, ta hana ta kyamara, ta hana ta makirufo. Goggo ta dube shi, ta dubi wayar, ita ma dariyar ta ƙwace mata. Ba ta bari kowa ya taɓa ba. Da kanta ta lalubo shafin, ta fara buɗe kyamara. Matan suka ga fuskarta suka kaure da ihu, ga bakinta na motsi ba sauti, Doguwa na share hawaye da gefen mayafi. Sannan ta buɗe makirufo. Kalmar farko da suka ji daga bakinta bayan duk shekarun nan ita ce, “Ku yi shiru mana, ɗaya bayan ɗaya.” Suka yi tsit kamar ɗalibai, sannan aka sake ɓarkewa. Hirar ba ta ƙare ba sai da batir ya yi ja.

Ba za a ce daga nan komai ya tafi sumul ba. Akwai ranar da ta ɗora wani abu da ta tsinto, wayar ta ƙi tashi, sai da aka koma wajen Injiniya aka wanke ta tas, hotunan kyanwa da yawa suka tafi. Yaya kuwa waƙa kawai ya riƙa yi ƙasa-ƙasa. Daga ranar ta koyi kwafe kayanta a ɗan katin ajiya. Manhajar bankinta ma ta ƙi zama a sabon tsarin, ta ce ba komai, ƙafarta ta san hanyar banki. Yanzu a shagonta, ban da ƙwan fitila, akwai benci da matan unguwa ke zama tana duba musu wa ke leƙen me a wayoyinsu. Kuma ba kowa take tura wa irin tata ba. Wata maƙwabciya mai yawan mantuwa da danna duk abin da aka aiko mata, Goggo ta ce mata ta nemi irin ta Yaya, ita maigadi take buƙata. Yaya ya ba da wannan labari a wurin aikinsu har aka gaji da ji.

Watan da ya wuce na kai ta tasha za ta je wajen Doguwa, tafiyar yini guda. Tana ta zumuɗi, ta riga kowa shiga mota ta kama kujerar taga. Kafin su tashi ta leƙo ta ce in duba wayata. Ta buɗe mini izinin ganin inda take, ni kaɗai, har zuwa saukarta. Ranar ban yi wani aikin kirki ba, ina ta kallon ɗan ɗigo yana tafiya a kan taswira, ya tsaya inda suka sha ruwa, ya ci gaba, ya ratsa gada. Da la'asar ya shiga wani lungu ya tsaya, jim kaɗan ya ɓace. Sai ga kiranta, bayanta hayaniya da dariya. Ta ce ta sauka lafiya, Doguwa ta tsufa amma bakin na nan, kuma wayar Doguwar cike take da tarkace, har wani wasan kati na da izinin jin magana. Ta ce in gaya wa yaran kada su sa ran ganinta a satin da ta ce, don sauran matan ma sun ji labari, gobe kowace za ta zo da tata wayar.